Kyamarar da ke ganin sanyin jariri, da wankan da ake yi masa da asuba

Duk wanda ya bi ta filin jirgin sama lokacin Ebola a 2014, ko ya shiga banki zamanin korona, ya san na'urar nan da ake saita wa mutum a goshi a karanta zafin jikinsa. To, kyamarar zafi babbar yayarta ce. Ita hoton jiki take zanawa da launuka: inda ke da ɗumi ya fito ja ko rawaya, inda ya huce ya fito shuɗi. Masu bincike a ƙasashe da dama na gwada ta a kan jarirai tun daga faɗowarsu, har wasu a nan Kaduna sun fara tambayar yaushe za ta iso mana.

Kowane jiki mai ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano tun 1800. Kyamarar karɓar wannan hasken kawai take yi, ba ta harba komai cikin jiki kamar hoton ƙashi, kuma ba sai an manna wa jariri waya a fatarsa mai laushi ba.

Abin da ya sa take da amfani shi ne sanyi, wanda mu 'yan ƙasar zafi muke rainawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Yaro ya fito daga ciki mai ɗumi a jiƙe sharkaf, kansa babba, kitsensa kaɗan, kuma bai iya karkarwa ba balle ya ɗumama kansa. Idan ba a tsane shi an rufe shi ba, cikin minti 10 zuwa 20 zafinsa na iya sauka da digiri 2 zuwa 4. Daga nan sai sukarin jini ya faɗi, numfashi ya yi wuya, ya kasa kama nono. Bakwaini kam abin ya fi yi masa tsanani. A ɗora wannan a kan daren Janairu a Rigasa ko Giwa, hunturu na kaɗawa ta ƙarƙashin ƙofa.

Akwai kuma abin da ya fi jan hankalina. Awon da ake yi wa jariri a minti na ɗaya da na biyar, wanda likitar Amurka Virginia Apgar ta fito da shi a 1952, yana duba abu biyar: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, yadda yake amsa taɓi, da launin fata. Na ƙarshen nan, wato ko ya yi ja ko ya yi shuɗi, da idon nas ake auna shi, kuma ya fi sauƙin gani a farar fata. Gaskiya ne 'ya'yanmu jajur suke zuwa kafin su rine, amma nas da ke aiki da tocilan wayarta ƙarfe uku na dare ba za ta rantse a kan launi ba. Kyamarar zafi ba ruwanta da baƙi ko fari, ba ruwanta da duhu. Tana iya nuna tafin ƙafa ya huce ƙirji na da ɗumi, har ana gwada ƙirga numfashi da ita ta sauyin ɗumi a bakin hanci.

Sai dai fata kawai take gani. Zafin cikin jiki har yanzu sai an sa ma'auni a hammata. Jariri a jiƙe, ko fanka na juyawa, ko fitilar ɗumama na haska shi, duk suna iya ruɗa ta. Ba ta faɗin yawan iskar da ke jini. Kuma jaririn da aka kwantar a ƙirjin uwarsa aka lulluɓe, kamar yadda ya kamata, kyamara zane kawai za ta gani. Wanda zai yaye zanen don a ɗauki hoto ya ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba.

Shi ya sa nake tsoron ranar da za a mayar da ita kwangila. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin kowane 1,000 a Najeriya ba sa cika wata guda, ya kuma nuna yawancin matan Arewa maso Yamma a gida suke haihuwa. Abin da ke tsare jariri daga sanyi sananne ne: ɗaki mai ɗumin digiri 25 aƙalla, tawul busasshe, hula, ƙirjin uwa, nono cikin sa'ar farko, a kuma ɗaga wanka zuwa sa'a 24. Goyon ƙirji na bakwaini, da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalbar jarirai, zane ɗaya yake buƙata. Asibitin karkara da ba shi da ma'aunin zafi na 'yan dubban naira, me zai yi da kyamarar da sai an yi caji?

Ni a ganina wurinta asibitocin koyarwa ne, irin Barau Dikko da na Shika. A gwada ta a can kan jariranmu, a yanayinmu, a riƙa kwatanta ta da ma'aunin hammata har a san inda take gaskiya da inda take kuskure.

Sannan a yi amfani da ita inda ta fi kowace lacca ƙarfi. Mun daɗe muna cewa a dakata da wanka, amma kaka tana ganin barin jariri da maiƙon haihuwa ƙazanta ce, wai zai tashi da warin jiki. Ba mugunta ba ce, abin da ta gada ke nan, kuma sanyin ba ya ganuwa. A samu hotuna biyu da izinin iyaye, na jaririn da ya huce da na wanda ke kwance a ƙirjin uwarsa, a buga su manya a rataye a ɗakin awo, a kai wa ungozomomi a taronsu. Kuma ranar nunawa a gayyato surukai da gwaggonni, tunda a gidajenmu su ke ɗora ruwan wankan, mai jego tana kwance ba a shawarta da ita.