Ƙafar da ta cinye kuloci uku

Tsohuwar Kantar da nake dakon bulo da ita ta girmi ɗana na fari, amma injinta na gas bai taɓa ba ni kunya ba. Kuloci, abin da ke haɗa inji da giya ya kuma raba su, shi ne ya hana ni barci. Cikin wata 7 sau 3 ana sauke giyabos, kuma duk wanda ya taɓa biyan kuɗin wannan aiki ya san ba da fara'a ake zaro su ba.

Kullum alamar ɗaya ce. Ka taka totur, inji ya yi ta gurnani, mota kuwa tana jan ciki kamar kunkuru, sai wani ƙauri ya cika gaban mota.

Karon farko na koma Panteka, kasuwar kayan gyaran mota, na zazzage wa mai kaya kwandon masifa, na ce jabu ya sayar min. Karo na biyu aka ce filawil, faifan ƙarfen inji da farantin kuloci ke mannewa a kai, ya sha wuta har ya yi ƙyalli, aka kai shi aka gyara fuskarsa. Aka leƙa ko baƙin mai ne ke yoyo daga bayan inji yana jiƙa farantin, aka tarar wurin a bushe ƙayau. Karo na uku sai na juya kan ƙanin matata, wanda ke tuƙa ta da safe ni in karɓa da yamma. Na rantse da giya ta 2 yake tashi da lodi. Ya ajiye min makulli ya tafi, uwargida kuma ta rage min nama a miya.

Sati 3 ina tuƙi ni kaɗai, ƙaurin ya dawo.

Sai aka haɗa ni da wani dattijon bakanike a Tudun Wada. Ya danna feda da hannu, ya ji wasanta daidai yake. Ya daɗe yana kallon robar kan fedar da ta suɗe, sannan ya ce, "Alhaji, mu ɗan zaga."

Mun shiga cunkoson Kawo ke nan na ji sifana a ƙwaurina.

"Alhaji, ƙafar nan ta hagu haya ta kama a kan feda ne?"

"Baba, ɗora ta kawai na yi, ban taka ba."

Ya ce ɗorawar ce ciwon. Nauyin ƙafa yana cinye wasan feda, boris ɗin da ke sakin faranti ya yi ta turawa, faranti bai kama ba bai saki ba, sai zamewa yana cin kansa. Da muka tsaya a hawa, ya ga da kuloci nake riƙe motar, sai ya tambayi birkin hannu. Na ce ai ya rasu tun kafin korona. Baba ya yi salati.

Washegari na je biko da ledar tsire. Yaron ya dawo, amma sai da na ƙara masa albashi, kuma yanzu in ina tuƙi idonsa na kan ƙafata. Naman miya dai har yau yanka ɗaya ne.