Kwana 40 a teku, kwana 47 a bakin ƙofa

Fanka na sayo, jama'a. Ba bindiga ba ce, ba ƙwaya ba ce, ba shinkafar waje ba ce. Fankoki ne masu caji, irin waɗanda ake haɗa su da ɗan faifan sola, kwantena guda mai ƙafa 40, mu uku muka yi karo-karo muka ɗauko daga Gwanzu ta ƙasar Sin. Lissafinmu ba mai wuya ba ne: kaya su sauka Kano kafin zafin Maris ya kankama, a sayar a bazara lokacin da wuta ke wasan ɓuya, kowa ya ɗauki uwar kuɗinsa da ɗan abin da Allah ya hore. Jirgin ya cika alkawari. Ya baro Sin, ya ratsa tekuna, ya zagayo ƙasan Afirka, cikin kwana 40 ya sauke mana kaya a Legas. Daga inda aka dire kwantenar zuwa ƙofar fita, tafiyar da yaro zai yi da ƙafa kafin shayi ya huce, nan muka kwashe kwana 47.

Kada wani ya ce mini takardu ne ba su cika ba, don na san nan za a fara laɓewa. Mun buɗe Form M, takardar neman shigo da kaya, a banki tun kaya ba su bar masana'anta ba. Takardar ingancin kayan lantarki tana hannu. PAAR, takardar ƙiyasin da kwastam ke fitarwa a kan kaya, ta fito, aka lissafa mana kuɗin fito da harajin VAT na kashi 7.5 da sauran 'yan ƙananan da ke manne da su kamar kaska, muka biya, rasit yana nan a jakata har ya fara yagewa saboda nunawa. To me ya rage?

Satin farko, netwok. Kullum na kira ejan ɗinmu mai fitar mana da kaya daga tasha, amsa ɗaya ce: "Alhaji, a ƙara haƙuri, saba ce ta faɗi," wato babbar kwamfutar kwastam. Banki sun ce sun tura kuɗi, ofis sun ce bai bayyana a kwamfutarsu ba. Kuɗina ya bar asusuna, bai isa inda aka aike shi ba, yana rataye a sararin samaniya kamar jemage. Sati na biyu kuɗin ya bayyana, sai aka ce an saka wa kwantenar alat, wato alamar a riƙe ta a sake bincike. Wa ya saka? Wani sashe. Me ya sa? Farashin da muka bayyana ya yi ƙasa. Farashin da su da kansu suka duba suka amince da shi kafin su fitar da PAAR! Aka buga mana takardar ƙarin biya, muka cije muka biya. Aka cire wannan alat, kwana biyu wani sashen ya ɗora nasa.

A nan ne na hau mota na tafi da kaina, don na fara zargin ejan ɗin ne yake juya ni. (Kuma kada a ɗauka su ma waliyyai ne; wannan zance ne na wata rana.) Ranar da aka ce za a duba kaya, tun ƙarfe takwas muna tsaye. Sai bayan azahar aka ajiye kwantenar, aka fasa hatimi, leburori suka fara zubo kwalaye a kan siminti. Jami'i na farko ya zo ya yanka kwali uku, ya leƙa, ya tafi. Muka jira na biyu, daga wata hukumar daban, an ce ya je cin abinci. Na uku ya zo ya ce a ware masa samfur. Samfur kuma sai da aka zaɓo masa mai tsayi, mai rimot. Na huɗu bai zo ba sam, kuma in babu sa hannunsa duk abin da aka yi ranar ya tashi a banza. La'asar sakaliya aka ce a mayar da kaya. Kwalayen da 'yan Sin suka jera tsaf kamar bulo, da aka zo mayarwa suka ƙi shiga, ina kallo wani ƙato ya hau kansu da takalmi yana dannawa don ƙofa ta rufu. Na ce, "Bawan Allah, fanka ce fa!" Ko waiwayowa bai yi ba.

Ina tsaye a wurin nake tambayar kaina: ina na'urorin haska kwantena da ake ta nuna mana a talabijin? Abin da inji zai gani cikin 'yan mintoci, me ya sa sai an baje shi a ƙasa kamar kayan gwanjo? Amsar kowa ya santa. Inji ba ya karɓar samfur, ba ya cewa a ga oga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne agogon. Duk wanda ke cikin wannan harka agogonsa yana iya tsayawa, ban da nawa. Saba ta faɗi, jami'i zai karɓi albashinsa cif. Asabar da Lahadi, ofis a rufe. Ranar hutun gwamnati, a rufe. Amma kamfanin jirgi yana ƙirga mini damarej, wato tarar jinkiri, a kan kwantenarsa kullum, har ranar Lahadin. Masu filin da aka ajiye ta suna ƙirga nasu kuɗin ajiya daban, kuma irin wanda yake hauhawa ne, na sati na uku ya ninka na satin farko. 'Yan kwanakin kyauta da suke bayarwa sun ƙare tun muna fama da netwok. Wanda ya jawo jinkiri bai biya sisi ba, wanda aka jinkirta shi ne mai biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku gaya mini, a tsarin da jinkiri yake kawo wa wasu kuɗin shiga, wa zai yi gaggawa?

Ga kuma fargabar dala. Kafin Yunin 2023 ana lissafa kuɗin fito a kan kusan naira 422 kowace dala. Da aka saki naira, cikin watanni takwas farashin ya haura 1,500, a farkon 2024 ma akwai makon da sai an sauya shi fiye da sau ɗaya. Tun daga lokacin ɗan kasuwa ba ya barci in kayansa suna tasha, don kowace takardar ƙarin biya tana iya zuwa da sabon lissafi.

Na san za a ce mu ma 'yan kasuwa muna da namu. Gaskiya ne. Akwai mai rubuta kayan gyaran keke alhali atamfa ce a ciki, akwai mai rage farashi a takarda. A kama shi, a ƙwace kayan, a kai shi kotu, wallahi ba zan ce uffan ba. Amma abin da idona ya gani shi ne, mai irin wannan kayan shi ne yake riga mu fita, don ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa da abin da zai riƙe a hannu. Mai gaskiya ne ke kwana a layi.

Alkawari kuwa mun sha shi har ya gundure mu. Tun ina yaron shago nake jin za a riƙa fitar da kaya cikin awa 48. A 2017 Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a umarnin cewa tashar Apapa ta riƙa aiki dare da rana. A 2018 aka buɗe tashar tsandauri ta Kaduna, a Janairun 2023 Buhari ya zo Kano ya buɗe ta Dala a Zawaciki, aka ce daga yanzu ɗan Kwari da ɗan Sabon Gari za su karɓi kayansu a gida. Mun yi murna. Amma tashar tsandauri ba ta da rai sai da jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci, kuma sabon layin dogon da ya taso daga Legas a 2021 a Ibadan ya tsaya. Abin kunya ne a ce layin dogo ya iso Kano tun 1911, kakanninmu sun loda gyaɗa a kansa zuwa bakin teku, mu jikoki muna roƙon direban tirela.

Da aka saki kwantenar ma ba a gama ba. Kwana uku kafin motar ta samu izinin shiga tasha. Ta fito, ba ta yi nisa da ƙofa ba wasu masu kaki suka tare ta suna neman takardun da 'yan uwansu suka buga wa tambari ɗazu. Daga nan har Kano, sama da kilomita dubu, direba yana kirana a kowane shinge: "Alhaji, sun ce a yi musu bayani." Na san irin bayanin. Ta waya ake tura shi.

Ranar da muka sauke kaya a sito, a daren aka yi ruwan farko. Wani abokin cinikina na Maraɗi da ya ajiye kuɗin fanka ɗari tun Fabrairu ya riga ya karɓi abinsa ya saya a wani wuri, kuma ban ga laifinsa ba. Kwali 31 muka ware waɗanda wuyansu ya karye ko fuka-fukinsu ya lanƙwashe. Ɗaya daga cikin abokan haɗin gwiwata, dattijo ne da ya sayar da fili ya shigo, tun ranar bai ƙara yi mini maganar kasuwa ba, sai dai gaisuwa a masallaci.

Kuɗin jinginar da muka ba kamfanin jirgi a kan kwantenar kuwa har yau ba su dawo ba. Motar ta mayar da ita fanko tun makonni biyar da suka wuce, ta yi kwanaki a layi kafin a karɓa, kuma kwanakin layin ma an ce daga kuɗinmu za a cire. Jiya na sake kiran ejan. Ya ce, "Alhaji, a ƙara haƙuri, fayil ɗin yana teburin oga."