Sifikar Ingila a Falona

Wani abokina ne ya jefa ni wannan harka. Irin mutanen nan ne da in ka kunna waƙa a waya sai su yamutsa fuska. Kullum zancensa ke nan: "Mutumina, kai ba sauti kake ji ba, hayaniya kake sha." Yau da gobe har ya ja ni wajen masu kayan Kwatano a Sabon Gari, na kwaso sifiku biyu na Bowers & Wilkins da kuɗin da na ware don gyaran rufin kicin. A hanya ya cika ni da tarihi: kamfanin Ingila ne, an kafa shi a Worthing a 1966, manyan sifikunsa ake amfani da su a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road da ke Landan. Nawa dai ƙannensu ne.

Sai da muka iso gida ya ce ai ba sa magana da kansu, sai da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Wadda muka samu daga Amurka ta fito, wutar bolt 120 take ci, tamu kuwa 230 ce, dole aka ƙara taransifoma mai rage wuta. Daga nan sai dokoki. Kada a jingina su da bango, ƙasan sauti, wato mai kaurin nan, zai kumbura. Tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujerata. Kujerar kuwa ta faɗo tsakiyar falo, daidai hanyar kicin.

Washegari na tarar uwargida ta tura su lungu, ta shimfiɗa wa kowacce leshi, ta ɗora fulawar roba.

"Alhaji, ai yanzu suka yi kama da kayan mutane," in ji ta.

Faifan da ke tsakiyar kowace sifika, mai ruwan ɗorawa, da Kevlar aka yi shi, abin da ake rigar sulke da shi. Amma a samansa akwai ɗan ƙoƙon alminiyom mai sheƙi, shi ke fitar da siririn sauti, kuma babu yaron da zai gan shi bai ji yana kiransa ba. Autanmu ya amsa kira. Yatsa ɗaya, ƙoƙo ya lotsa. Da na tambaye shi, cewa ya yi ya danna ne ta kunnu.

Ranar Asabar abokina ya zo sauraro. Ya sa aka kashe fanka, wai tana ɓata sauti, a watan Afrilu fa, a Kano! Muka zauna muna ɗigar gumi, na sa kiɗan garaya. Ya lumshe ido, yana gyaɗa kai a hankali.

"Ka ji ƙasan nan? Har a ƙirji nake jin sa. Wannan shi ne aikin Bature. Sifikar kasuwa ba ta sauka nan."

Ni ma ina jin sa, har tagogi na rawa, sai dai na yi mamakin garaya mai irin wannan gurnani. Ya ci gaba da bayani, hannunsa a sama yana auna sautin. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, amfilifaya ta mutu, ƙasan sauti kuwa bai fasa ba.

Uwargida ta leƙo daga kicin.

"Alhaji, in baƙonka ya gama, a aiki yaro ya karɓo mana markaɗe. Ga shi can maƙwabta sun tayar da inji."