Kun raba murhu, sai me?

Wai har da walima da ɗaukar hoto don an raba murhun zamani mai rage hayaƙi. Rahoton rabon da ake ta yaɗawa, shafi bayan shafi, lissafin murhun da aka raba ne da yawan matan da suka zo taro. Madalla, Allah ya ƙara ɗaukaka. To tarin da hayaƙi ke sa yara fa, ya ragu? Shiru.

Rabo ba shi ne sauyi ba. Abin da Carol Weiss, masaniyar auna tasirin ayyuka, ta ja hankali a kai ke nan tun 1995: kafin a saki kobo, a zana taswirar sauyi, a rubuta yadda murhu zai kai ga lafiya, mataki bayan mataki. An girka shi daidai. Uwargida tana girki da shi kullum. Ta daina hura na gargajiya. Ana share bututun hayaƙi, ana liƙe tsaga. Hayaƙi ya ragu a madafi. Sai a zo ga tari da ciwon ido. Kowane mataki zato ne, kuma kowanne sai an auna shi daban.

An gwada a jihar Odisha ta Indiya. Ƙungiyar Gram Vikas ta gina murhu mai bututu a ƙauyuka 44, aka yi ƙuri'a wajen zaɓen gidajen da za su fara samu don a sami na kwatantawa, masu bincike suka bi su shekara 4. A shekarar farko hayaƙin da masu girki ke shaƙa ya ragu. Daga nan aka koma gidan jiya. Murhu ya tsage ba a gyara ba, bututu ya toshe, mata suka koma tsohon murhunsu. Lafiya ba ta canza ba, itacen da ake ƙonawa bai ragu ba. Da rabo kawai aka ƙirga, da tuni an buga ganga.

Za a ce awo yana da tsada. Haba! Walimar fa, kyauta ce? Akwai 'yar na'urar auna zafi da ake maƙala wa murhu, ta nuna ranakun da aka hura shi. Ziyarar ba-zata bayan wata 6 ta fi tambayar "Hajiya, kina amfani da shi?", don babu wadda za ta ce a'a a gaban wanda ya yi mata kyauta.

Wallahi matan nan hayaƙi suke sha safe da yamma, da goyo a baya. Sun cancanci a san ko aikin ya yi.

Ni kam, ina labarin murhu 750,000 da gwamnatin tarayya ta amince a kashe wa naira biliyan 9.2 a 2014? Wanda ya ga ɗaya a gidansu ya faɗa mana.