Kun saba gani, mu fa?

Har yanzu raina bai huce ba kan abin da ya faru da Kawu. A daren kwana na uku bayan aikin zuciyarsa, na'urar da ke kansa ta kama ihu, bugun zuciyar ya haura 140 a minti ɗaya, yana tsalle kamar akuyar da ta tsinke igiya. Inna ta zube ƙasa tana salati. Kafin asuba guruf ɗin dangi ya cika: wannan ya ce likita ya ɓata aiki, waccan ta ce jifa ne.

Da safe likita ya shigo da murmushinsa, wai ai sun saba gani. Madalla! Ku kun saba, mu kuma wahayi za a saukar mana?

An san da abin nan fa, amma ba wanda ya faɗa mana kafin aikin. Likitoci na ce masa AF: ɗakunan sama na zuciya su bar bugu a tsare su koma karkarwa. Kusan mutum 1 cikin 3 da aka yi wa aikin zuciya na gamuwa da shi, galibi a kwana na 2 ko na 3, lokacin da kumburin aiki ke kan ganiyarsa. Kuma an san wanda ya fi bi: dattijo, mai ciwon huhu, wanda ɗakin sama na hagu na zuciyarsa ya faɗaɗa, wanda aka taɓa masa bawul, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya a zuciya. Kawu ya haura 70, bawul aka sauya masa, hoton zuciyarsa na cikin fayil ɗinsu. Me ya rage a hango?

Wani zai ce kada a tsorata majinyaci. Haba! Mutumin da ya sa hannu a tsaga masa ƙirji ne jimla biyu za ta firgita? Wani ya ce hasashen ba ya cika daidai. Mai hasashen yanayi ma na kuskure, amma yana faɗa, mu kwashe shanya.

Tsakani da Allah sun yi ƙoƙari. Sun ɗaura masa amiodarone, maganin daidaita bugun zuciya, sun gyara sinadarin fotasiyam ɗin jininsa, sun sa ido kan gudan jini don gudun shanyewar ɓarin jiki, washegari bugun ya daidaita. Na gode musu. Amma da sun zaunar da Inna tun kafin a shiga da shi, da ba ta kwana tana tunanin takaba ba.