Injin Wankin Alhaji Ƙanƙamo

Tsakar gidan Alhaji Ƙanƙamo ne a Runjin Sambo, Sakkwato, cikin watan Afrilu, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema. A gindin dogonyaro an girke farin injin wanki mai ƙofar gilashi a gaba, ɗan Baljiyam, wanda Alhaji ya sayo don ya huta da biyan mai wanki. Yau kwana 9 bai wanke ko hankici ba. Injiniya ya tsuguna gabansa da sukundireba. Mai Wanki, wanda aka sallama, ya raɓe a bakin zaure, wai gaisuwa ya zo.

ALHAJI: Injiniya, mu yi ta tun da wuri. Dubawa kyauta ta, gyara aka biya.

INJINIYA: Ranka shi daɗe, ko wurin likita sai an yanki kati.

ALHAJI: Likita ya yi jami'a. Kai wa yan naɗa ka injiniya?

INJINIYA: Waɗanda nig gyara ma hwanka. Hajiya, in an kunna shi mi shika yi?

HAJIYA: Gurnani, kamar raƙumin kasuwar Kara. Ruwa su shiga su ƙi hita. Ga wani wari, in ka buɗe ƙohwar sai ka rantse tsohuwar rijiya ta.

ALHAJI: Warin Turai na. Ba ki saba ba.

(Injiniya ya zare fulogi daga bango.)

ALHAJI: Mi kaka cirewa? Ai tun jiya babu wuta.

INJINIYA: Ranar da kas sakankance babu wuta, rannan aka kawo ta, hannunka cikin inji. Hajiya, a ban tire mai faɗi da tsumma. Kun ga 'yar ƙohwag ga ta ƙasa? Bayanta matata take, ita ka tare tarkace kada shi kai ga hwamhon da ka tura ruwa waje. In ta toshe, inji shi yi ta nishi. Alhaji, matsa baya.

ALHAJI: Gidana na, injina na. Ba inda za ni.

(Injiniya ya murɗe matatar. Baƙin ruwa ya kwararo, ya wuce tire, ya cika takalmin Alhaji.)

MAI WANKI: Ai ko ga shi ya hwara aiki. Ya wanke takalmi.

ALHAJI: Kai ba gaisuwa kaz zo ba? Ka gaisa, ka tahi!

INJINIYA: (yana zaro abubuwa ɗaya-ɗaya) Safar yaro, ƙahwa guda. Maɓalli. Abin kama gashi na mata. Gashi kuwa, wanga ba na ɗan Adam ba na, na kare na. Sai kuma... a'a.

ALHAJI: Mi kas sa aljihu?

INJINIYA: Datti na, ranka shi daɗe.

ALHAJI: Dattin da ka ƙara in ya taɓa makulli? Hiddo shi!

(Silalla 3 ne masu launi biyu, gefe fari, tsakiya ruwan zinari.)

INJINIYA: Yuro bibbiyu na. Dibi bayansu, ga gaggahwa ta buɗe hihhike. Na Jamus ke nan. Ashe ɗan Baljiyam ɗin naka Bajamushe na.

ALHAJI: Ko Bature na wace ƙasa na, ni nis saye shi. Wanda yas sayi akuya da ciki, ɗiyan nashi na.

INJINIYA: Awo. Amma ungozoma ba ta komawa gida hannu sake.

ALHAJI: To zaɓi guda. Ko dai a'a, ni za ni zaɓa. Nawa na kuɗɗin aikinka?

INJINIYA: Dubu 8. In ka bar mani silallan, in yahe dubu 3.

ALHAJI: (a kunnen Hajiya) Kin ji? Da ba su hi haka ba, da bai yahe ba. (da ƙarfi) Ungo dubu 8 cif. Auta! Ruga wurin 'yan canji, ka riƙe su da hannu biyu, kada ka tsaya kallon ƙwallo.

HAJIYA: Shekara 20 ina gidan ga, yau na hwara ganin an biya kuɗɗi ba a yi tayi ba.

(Injiniya ya juya gangar injin da hannu, ya kasa kunne.)

INJINIYA: Boris lahiya lau, da ya ci da kun ji kamar injin niƙa. Bel na yas saki, sai na shiga kasuwa na nemo mai lamba irin tashi. Saura wanka. Hajiya, zaro aljihun da aka zuba omo, a jiƙa shi, a dirje da tsohon burushin haƙori. Sannan ɗaga robag ga ta bakin ƙohwa ki gani.

HAJIYA: Innalillahi! Wanga baƙin abu hwa?

INJINIYA: Hunhuna ta. Nan warin yake. Ruwa ka kwana cikin lungun robar, an ruhe ƙohwa, inji ya yi watanni cikin kwantena bisa teku. A goge shi tas, kuma daga yau in an gama wanki a bar ƙohwar buɗe ta sha iska. Wane omo kika sa mashi?

HAJIYA: Wanda muka wanki da shi a baho.

INJINIYA: Shi ya sa. Mai ƙohwar gaba ba shi son kumhwa, nashi omon daban na. Yanzu a samo ɗan tsami, irin na masu zoɓo, ko ruwan kal. A zuba, a murɗa shi kan zahi digiri 90, shi yi zagaye guda babu tuhwa ciki. Shi ka narkar da hwarin gishirin da ruwa ka bari jikin hita, ƙarhen da ka ɗumama ruwa, balle ku masu ruwan burtsatse.

HAJIYA: In ƙara da bilic don shi hita sosai?

INJINIYA: Kul! Bilic da tsami in sun gamu, iska mai guba ka tashi, ta sarƙe numhwashi. Kowane da ranar shi.

ALHAJI: Dakata. Babu tuhwa ciki kac ce? Injin da nis sayo shi yi mani wanki, ni za ni hwara yi mashi wanka? Da ruwan wa?

INJINIYA: Dama ina son in tambaya. Ina tankin sama?

ALHAJI: Ga-ruwa ka kawo muna.

INJINIYA: Wanga ba shi shan ruwan bokiti, sai mai ƙarhi daga hwamho. Wanki guda shina cin kamar lita 50.

MAI WANKI: Jarka 2 ke nan. Ni da jarka 2 har zannuwan gado nika haɗawa, in rage na alwala.

INJINIYA: Sai wuta. Hitar cikinai ɗai tana jan wajen wat 2,000. Ɗan janaretonka na bakin zaure bai kai 1,000 ba. In ka haɗa su, ba inji za mu gyara ba, janareto za mu yi ma jana'iza.

ALHAJI: Wanda yas sayar mani bai hwaɗi ko ɗaya ba.

INJINIYA: Ka tambaye shi?

ALHAJI: Ragi nit tambaya.

HAJIYA: Gobe dai Juma'a, kuma shaddarka tana nan cikin kwando tun wancan mako.

MAI WANKI: Babbar riga da bugu, dubu 2.

ALHAJI: Da ba dubu guda ba ta?

MAI WANKI: Wancan kuɗɗin talakawa na. Kai yanzu mai inji na.

(Auta ya shigo yana haki, hannu a dunƙule.)

ALHAJI: Yawwa ɗan albarka! Nawa sunka ba ka?

AUTA: Baba, sun yi dariya. Sun ce ba su karɓar silalla, sai kuɗɗin takarda.

(Shiru. Alhaji ya dubi silallan, ya dubi aljihun Injiniya, ya dubi injin.)

ALHAJI: Injiniya, sake buɗe shi. Diba da kyau ko akwai na takarda.

INJINIYA: Sai a yanki kati, ranka shi daɗe.