Ɗaliban zanen gini da ƙaramin ɗaki: ina baƙo zai zauna?

Akwai wani aiki da malaman zanen gini ke son ba ɗalibansu tun a shekarun farko. Za a ba yaro fili ɗan mitsitsi, a ce ya fitar da inda mutum zai kwana, ya yi girki, ya yi wanka, ya ajiye kayansa. Ana yin sa a Turai da Japan, ana yin sa a nan Jidda da Makka. Ni ina goyon bayan aikin, don babu abin da ke koya wa mai zane tsimin fili kamar a matse shi. Inda nake da ja shi ne mutumin da ɗaliban ke hangowa a ransu lokacin da suke ja layi.

Wata 'yar maƙwabtanmu, cikin Hausawan da kakanninsu suka zama 'yan ƙasar Saudiyya tun da daɗewa, ta dawo gida da nata aikin bayan an duba. Samfuri ne na kwali da siririn katako. Gado yana naɗewa ya shige bango, teburin cin abinci yana zarowa daga ƙasan taga, ƙofar banɗaki kuma turawa ake yi gefe don kada ta ci wuri. Wallahi ta yi ƙoƙari. Mahaifiyarta, wadda ta yi shekaru tana sayar da abinci a unguwar Hindawiya ta Jidda, ta jujjuya shi a hannu ta ce, “Ke 'yar nan, in abokin babanki ya zo daga Madina, ina zai zauna ni kuma in cire mayafi?” Yarinyar ta ce, “Umma, ai na mutum ɗaya ne.” Uwar ta ce, “To Allah ya ba shi lafiya, don ranar da ya kwanta ciwo babu inda mai jinya zai shimfiɗa tabarma.”

Tunanin ƙaramin gida ba a jiya ya fara ba. Bayan yaƙin duniya na ɗaya Jamus ta shiga ƙarancin muhalli, har masu zanen gini suka yi babban taro a Frankfurt a 1929 a kan mafi ƙarancin gidan da ɗan Adam zai rayu a ciki. Amma misalai biyu da ɗalibai suka fi ɗauka su ne suka fi tona asirin lamarin. Le Corbusier, gwanin da ake karanta aikinsa a kowace makaranta, ya gina wa kansa 'yar bukka ta katako a gaɓar teku a kudancin Faransa, mita 3.66 kowane gefe. Babu madafi a ciki, saboda bangonta a jingine yake da gidan abincin wani abokinsa, can yake cin abinci. A Tokyo kuma wani gwanin zanen gini, Kisho Kurokawa, ya gina benen Nakagin a 1972, ɗakuna 140 kowanne kusan murabba'in mita 10, don ma'aikatan ofis da ke kwana a gari cikin mako, iyalinsu na can bayan gari. Unguwar Ginza, inda benen yake, ita ce ke ciyar da su. An tsara za a riƙa sauya ɗakunan duk shekara 25, ba a taɓa sauya ko ɗaya ba, aka rushe benen a 2022. Duka biyun sun yi aiki ne saboda rabin gidan yana waje.

Bahaushe bai kamata a yi masa dogon bayani a nan ba. Ɗakin uwargida a Kano ko Sakkwato sau da yawa ƙafa 12 ne, kuma gado da jeren kwalla sun cinye rabinsa. Amma akwai tsakar gida inda ake girki da wanki da shanya, akwai rumfa, akwai zaure da ke tare baƙo namiji tun daga ƙofa. Da mutanenmu suka zauna a unguwannin Jidda irin su Sabil da Karantina da Gulail da Kandara, irin wannan tsarin suka tayar da abin da suka samu. Ɗakin bulo ne ƙarami, amma ga hoshi, wato tsakar gida, ga saman rufi inda ake shanya kaya a sha iska da dare, ga lungu da yara ke wasa kowa na ganinsu, ga masallaci da dakalinsa ya zama zauren maza. Ba ina wanke waɗannan unguwanni ba ne. A lokacin akwai kwata a buɗe, akwai wayoyin wuta a cakuɗe, kuma motar kashe gobara ba ta iya shiga lunguna da yawa. Duk da haka mutum takwas na iya rayuwa a ɗaki biyu ba tare da sun shaƙe juna ba.

Daga ƙarshen 2021 aka shiga rusau a irin waɗannan unguwanni na Jidda, aka bi gidaje ana rubuta umarnin tashi da jan fenti a bango, dubban ɗaruruwan mutane suka kwashe kaya. Diyya ta mai gida ce ɗan ƙasa. Ɗan haya mai igama, wato takardar izinin zama, balle wanda ba shi da ita, nasa shi ne neman shigga, wato sashen haya a cikin bene, a wata unguwa, ga kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. Da yawa sun sami ɗakunan da suka fi na da kyau, da tayil da mukayyif mai sanyaya ɗaki, amma ƙofa na buɗewa ne kan matakala, matakala kan titin mota. A ɗaya gefen kuma kuɗin da aka ɗora kan iyalin baƙi tun Yulin 2017, riyal 100 a wata kan kowane mutum har ya kai 400 a 2020, ya sa magidanta da dama sun mayar da mata da yara gida, su kuma suka koma zaman gwauraye, huɗu ko shida a ɗaki, gado kan gado. Waɗannan su ne ainihin mazauna ƙaramin ɗaki a ƙasar nan, kuma ba su ne ake zanawa a samfurin kwali ba.

Za a ce min ƙasa ta yi tsada, matasa na kwarara Riyad neman aiki, kuma saurayi ko budurwa mai albashi ba ya buƙatar falo biyu. Gaskiya ne. Haya ta yi zafi a Riyad har hukuma ta dakatar da ƙarin kuɗinta na shekara biyar a Satumban 2025. Ƙananan gidaje dole ne, ba na musu. Tsorona shi ne abin da mai gida zai ɗauka daga zanen. Ba zai ɗauki gadon da ke shigewa bango ba, don yana da tsada kuma ƙarfensa na lalacewa. Lambar kawai zai ɗauka, ya ce ai masana sun nuna mutum na iya zama a murabba'in mita 12, ya kira mai allon jibs na raba ɗaki ya yanka shigga ɗaya gida huɗu, biyu daga ciki babu taga. Ko a sansanin 'yan gudun hijira, ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke bi ita ce aƙalla murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin gwauraye ya san akwai inda ba a kai haka ba.

Sai zafi, wanda samfurin kwali ba ya ji. A Hajjin 2024 ma'auni ya haura digiri 51 a Makka. Ɗaki ƙarami mai taga ɗaya tanda ne da zarar mukayyif ya tsaya. Tsoffin gidajen Balad, tsohon garin Jidda, waɗanda UNESCO ta saka cikin kayan tarihi a 2014, sun warware wannan da roshan, tagar katako mai ƙananan ƙofofi da ke shigo da iskar teku, matar gida ta ga titi ba a gan ta ba. Ɗalibin Jidda da ya tsallake Balad ya tafi kwaikwayon Tokyo ya yi asarar kuɗin mota.

Da ni ne malami, ba zan ba ɗalibi ɗaki ɗaya ba. Hawa guda zan ba shi, da iyali shida, cikinsu har da tsohuwa mai ciwon gwiwa da mai jego da matar da ke dafa abincin sayarwa. Ya matse ɗakunan yadda yake so, amma ya nuna min zauren da za su yi tarayya a kai, da hanyar da mace za ta bi zuwa madafi ba ta ratsa maza ba, da inda za a shanya kayan jariri, da yadda iska za ta ratsa in an ɗauke wuta awa ɗaya. Kafin ya taɓa kwamfuta kuma, ya ɗauki abin awo ya je gidan mutanen da ke irin wannan zama, ya nemi izini ya auna, ya saurara, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baladiya ma, wato hukumar birni, in za ta ba da lasisin ƙananan ɗakuna, ta ɗaura shi da sharaɗin taga a kowane ɗaki da filin tarayya gwargwadon yawan kawuna.

Ya kuma zana wa kowane iyali mitar wutarsa daban. A gidajen da na sani, rigimar ƙarshen wata kan wa ya kwana da mukayyif a kunne ta fi raba maƙwabta fiye da ƙuncin ɗaki.